Tarihin Yalo Kad: Allurar Shawara Daga Yaba Ta Samo Asali

Muna so a wannan fitowa mu waiwayi tarihin wani abu da kusan kowannenmu ya taɓa riƙewa a hannu, amma kaɗan ne suka san asalinsa. Wannan abu kuwa shi ne katin nan rawaya na allurar shawara, wanda muka fi sani da yalo kad.

Duk wanda ya taɓa zuwa aikin Hajji ko Umra ya san shi. Haka nan wanda ya taɓa ƙetare Seme zuwa Kwatano, ko ya zarce Lome da Ankara har Kumasi neman goro ko kai kaya, ya san yadda ake tsare mutum a bakin iyaka a ce ya fito da shi. A wurin yawancinmu takardar wuce shinge ce kawai, kamar rasit ɗin kwastan. Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, akwai daga cikinmu masu ba da kuɗi a kawo musu katin har rumfa, ga hatimi ga sa hannu, alhali kuwa allura ba ta taɓa jikinsu ba. To, saboda haka ne muka ga ya kamata a san abin da aka sha kafin a samu wannan allura, da mutumin da Allah ya ba nasarar haɗa ta, da kuma abin da ya faru a ƙasar nan sa'ad da aka yi sakaci da ita.

WACE IRIN SHAWARA CE?

Mu Hausawa duk ciwon da ya mai da ido rawaya shawara muke ce masa. A wurin likitoci kuwa cututtuka da dama ke kawo haka, ciki har da ciwon hanta iri-iri. Wadda muke magana a kanta ita ce mai zuwa a annoba, wadda sauro ke yaɗawa. Sauron nan dabam yake da na zazzaɓin maleriya. Baƙi ne mai ɗigon fari a ƙafafu, da rana yake cizo, musamman da hantsi da kuma yammaci, kuma ba ya son ruwan kwata. Ruwa mai tsabta da aka ajiye yake nema, wato na randa, da duro, da tulu, da wanda ya taru a tsohuwar taya ko gwangwani.

Bayan cizon da kwana 3 zuwa 6 sai zazzaɓi ya rufe mutum, da ciwon kai da ciwon baya da amai. Mafi yawa sukan warke cikin kwana uku ko huɗu. Amma wasu kaɗan, bayan an ga kamar sun sami sauƙi, sai ciwon ya dawo da ƙarfi, ido ya yi rawaya, jini ya riƙa fita ta hanci da baki, a yi ta baƙin amai. Cikin waɗanda suka kai wannan mataki kusan rabi ba sa tashi. Har yau ba a sami maganin da ke kashe ƙwayar cutar kai tsaye ba, sai dai a tallafa wa majinyaci a asibiti har Allah ya kawo sauƙi.

Tun a shekarar 1881 wani likitan ƙasar Kyuba mai suna Carlos Finlay ya ce sauro ne ke ɗaukar ta daga mutum zuwa mutum, aka yi masa kunnen ƙashi. Sai a 1900 likitocin sojan Amurka ƙarƙashin Walter Reed suka tabbatar da maganarsa a can Kyuba ɗin, bayan ɗaya daga cikinsu, Jesse Lazear, ya mutu da ciwon. Daga nan aka shiga yaƙi da sauro a birnin Habana da kuma wurin haƙa mashigin ruwan Fanama, aka ga sauƙi sosai. Amma ita kanta ƙwayar cutar ba wanda ya kama ta, balle a yi maganar riga-kafi.

ABIN DA YA FARU A YABA

Yaba dai mun san ta da kasuwar Tejuosho da dilolin gwanjo da hayaniyar 'yan danfo. A shekarar 1925 kuwa bayan gari ce, kuma a nan ne Gidauniyar Rockefeller ta Amurka ta kafa sansanin likitoci don binciken shawara a Afirka ta Yamma. Ba za mu ce tausayinmu kaɗai ya kawo su ba. Ciwon yana kashe Turawan mulki da na kamfani, yana sa a rufe tashoshin jiragen ruwa, ciniki ya tsaya, ga kuma tsoron kada jirage su kai shi ƙasashen Asiya. Mu 'yan kasuwa mun san wannan lissafi. Amma ko mene ne ya kawo su, amfanin aikin ya zagayo kanmu.

Matsala biyu suka tarar. Ta farko, wani mashahurin masani ɗan ƙasar Japan, Hideyo Noguchi, ya riga ya shelanta tun 1918 cewa ya gano ƙwayar cutar a ƙasar Ekwado, har ya haɗa allura, kuma saboda girman sunansa ba a iya yi masa musu. Su kuwa likitocin Yaba sun duba jinin majinyata sun gaji ba su ga abin da ya ce ya gani ba. Ta biyu, ba su da dabbar da za su gwada ciwon a jikinta, domin yawancin biran ƙasarmu ko an sa musu ba ya kayar da su.

A ranar 30 ga watan Yuni na 1927, wani likitan sansanin mai suna Alexander Mahaffy ya ɗebi jinin wani saurayi ɗan shekara 28 a garin Kpeve da ke ƙasar Gwalkwas, wato Gana ta yau. Sunan saurayin Asibi, sunan da kunnen Bahaushe ba zai ji shi baƙo ba, ga mu da Asabe da Ɗan'asabe. Ciwon bai tsananta masa ba, ya warke sarai. Aka sa jininsa a jikin wani irin biri da aka sayo na ƙasar Indiya, biri ya kamu ya mutu. Aka ɗebi na wannan aka sa wa wani, shi ma haka. Wannan ne karo na farko da aka kama ƙwayar shawara aka riƙe ta a ɗakin bincike.

Waɗanda suka ci gaba da wannan aiki su uku ne, Adrian Stokes da Johannes Bauer da Paul Hudson. Sun nuna cewa sauro yana ɗaukar ciwon daga biri zuwa biri, kuma ƙwayar ƙanƙanuwa ce ƙwarai, irin wadda ake kira bairos, tana wucewa ta cikin matatar da ke tare ƙwayoyin cuta na yau da kullum. Ke nan abin da Noguchi ya gani wani abu ne dabam.

Shi Stokes babban malami ne a wani asibitin koyarwa na Landan, ya baro kujerarsa ya zo. A watan Satumba na wannan shekara ciwon ya kama shi a wurin aiki. Yana kwance ya nace a ɗebi jininsa a sa wa birai, a kuma kawo sauro su cije shi, don kada ciwon nasa ya tafi a banza. Ya mutu a nan Ikko ranar 19 ga Satumba 1927, yana da shekara 40. Noguchi kuma ya taso takanas zuwa Ankara don ya kare maganarsa, ciwon ya kashe shi a can a watan Mayu na 1928, bayan 'yan kwanaki abokin aikinsa William Young ya bi shi. A 1930 wani matashin likita, Theodore Hayne, shi ma ya mutu a Ikko. Ku duba fa jama'a, duk kafin a sami allurar ke nan.

AIKIN DOKTA TAILA

Wanda ya kai aikin gaci bai zauna a Yaba ba. Sunansa Max Theiler, ana furta shi Taila. An haife shi a Firitoriya ta Afirka ta Kudu a 1899, mahaifinsa likitan dabbobi ne mutumin Suwizalan. Ya yi karatun likita a Landan, a 1922 ya tafi Jami'ar Harvard ta Amurka. Tun a 1926 shi da maigidansa a wurin aiki, Andrew Sellards, suka nuna cewa ƙwayar Noguchi ta wani ciwo ce dabam wanda ake samu daga fitsarin ɓera. A 1929 shi kansa shawara ta kama shi a ɗakin bincike, Allah ya yi da sauran kwanansa.

Abu na farko da ya fito da sunansa, a 1930 ne. Biri yana da tsada, ga wuyar riƙo, ga haɗari. Taila ya gano cewa idan aka sa ƙwayar a cikin ƙwaƙwalwar farin ɓera, yana kamuwa. Mai karatu zai ce to mene ne abin murna a nan? Ai duk ɗan kasuwa ya san bambancin kayan da sai mai jari ke iya taɓawa da wanda kowa zai saya. Kuɗin biri ɗaya zai sayi ɓeraye masu yawa, saboda haka gwajin da ake yi ɗaya-ɗaya ya koma ana yin sa dubbai.

Daga nan aka sami hanyar gane wanda ya taɓa yin ciwon. A ɗebi jinin mutum a gauraya da ƙwayar a sa wa ɓera. In ɓera ya rayu, to jinin mutumin yana da garkuwa, wato ya taɓa kamuwa ya warke. Da wannan gwaji aka bi garuruwan Afirka da na Amurka ta Kudu ana auna jinin jama'a. Abin da aka gano ya rushe wani tsohon zato, cewa wai shawara ciwon Bature ce ba ta damu baƙar fata ba. Ashe ta daɗe tana yawo a cikinmu, yara suna kamuwa, wasu su warke wasu su mutu a ce zazzaɓi ne ko iska, ba mai rubutawa.

A wannan shekara ta 1930 Taila ya koma Gidauniyar Rockefeller a birnin New York, inda aka kai ƙwayar nan ta jinin Asibi. Abin da ake nema shi ne a raunana ta, ta yadda in ta shiga jiki za ta koya masa faɗa da ciwon ba tare da ta kayar da shi ba. Shi da abokan aikinsa suka shiga renon ta a cikin kwalabe, suna ciyar da ita da naman 'yan tayin ɓera. Bayan juyi 18 suka mai da ita kan naman ɗan tsakon da bai ƙyanƙyashe ba. Bayan wani juyi 58 suka riƙa cire ƙwaƙwalwa da lakar ɗan tsakon kafin su ba ta. Kowane 'yan kwanaki a ɗeba daga wannan kwalba a zuba a sabuwa, shekara da shekaru, ba tare da sanin ko za a dace ba.

Can tsakanin juyi na 89 da na 114 sai ƙwayar ta sauya hali. Aka sa wa biri, bai yi ciwon hanta ba, ƙwaƙwalwarsa ba ta taɓu ba, kuma da aka sa masa muguwar daga baya ba ta yi masa kome ba. Abin mamaki, sauran kwalaben da aka rena ba su yi wannan sauyi ba, kuma da aka sake bin hanyar daga farko ba a sami irinta ba. Masana suna kiran wannan dace. Mu kuwa mun san Mai ba da dace, amma mun kuma lura cewa wanda ya tsaya kan aikinsa aka ba.

A 1937 Taila da Hugh Smith suka bayyana sakamakon, allurar ta ci gaba da amsa lambar gwajin da aka same ta a ciki, wato 17D. Aka kai ta ƙasar Barazil, kafin shekara biyu an yi wa mutum sama da miliyan ɗaya. Tsakanin 1940 da 1947 gidauniyar ta yi allura fiye da miliyan 28. An yi tuntuɓe a hanya. A 1942 ruwan jinin mutane da ake haɗawa a cikinta ya zo da ciwon hanta, sojojin Amurka wajen 50,000 suka kwanta. Da aka gane dalili aka daina sa shi, matsalar ta kau. A 1951 aka ba Taila lambar yabo ta Nobel, shi ne haifaffen Afirka na farko da ya same ta. Ya mutu a 1972. Allurar shawara da ake yi a duniya yau duk jikokin wannan 17D ce, wato duk wanda aka yi wa, tsatson abin da aka ɗeba a hannun Asibi ne ya shiga jikinsa.

INDA AKA YI DA INDA AKA BARI

Wanda ke shakkar amfanin riga-kafi ya dubi abin da ya faru tsakaninmu da maƙwabta. Faransawa sun ɗauki dabarar ɓeran Taila suka haɗa tasu allurar a Dakar, wadda ake tsaga fata a shafa kamar lambar agana. Daga 1941 suka wajabta ta a ƙasashen da suke mulka, har da Nijar. Cikin 'yan shekaru shawara ta kusa ɓacewa a can, alhali a ƙasashen Ingilishi, inda ba a yi wa jama'a gaba ɗaya ba, annoba ta ci gaba da ɓullowa. Ita ta Dakar ɗin daga baya an ga tana taɓa ƙwaƙwalwar wasu yara, aka daina yin ta a 1982, 17D ta rage ita kaɗai.

A Nijeriya kuwa, an yi annoba a ƙasar Jos a 1969. A 1986 ta faɗa wa yankin Oju na Jihar Binuwai, inda masu bincike suka ƙiyasta mutum 9,800 sun kamu, 5,600 sun mutu. A 1987 ta shigo cikin garuruwan tsohuwar Jihar Oyo, Ogbomosho ta fi jin jiki. Mu da muka tasa a lokacin muna tuna yadda labarin ya riƙa zuwa ta bakin direbobi da masu rakiyar shanu, domin hanyar Arewa ta nan ta bi. Binciken da Dokta Abdulsalami Nasidi da abokan aikinsa suka yi ya nuna sauron gida ne ya yaɗa ta, wanda ke haihuwa a ruwan da mutane ke ajiyewa saboda rashin famfo. Shekara hamsin cif ke nan bayan an sami allurar, ana binne mutane saboda ba a yi musu ba.

Abin takaici kuma, a nan Yaba ɗin an daɗe ana haɗa allurar shawara a ɗakin gwamnati, har ana ba maƙwabta. A 1991 aka rufe wurin da sunan gyara, aka koma sayowa daga waje. Masana irin su Farfesa Oyewale Tomori sun sha yin kira a kan haɗarin sakaci da wannan ciwo. A 2004 aka sa allurar cikin jerin riga-kafin yara, ana yi a wata tara tare da ta ƙyanda. Amma manya da yawa ba su samu ba, yara da yawa ba a kai su ba. A watan Satumba na 2017 ciwon ya sake ɓulla a ƙaramar hukumar Ifelodun ta Jihar Kwara, a 2018 a Edo, a 2019 a Ebonyi da kuma Alƙaleri ta Jihar Bauci, a 2020 a Delta da Inugu. Kudu da Arewa ba wanda ya tsira.

INA MUKA TSAYA?

To 'yan'uwa, mu dubi zamanmu. A Agege ne, ko Idi-Araba, ko Obalende, ko Mile 12, gidajenmu a cunkushe suke, kowane ɗaki da duronsa ko jarkarsa, tsofaffin tayoyi kuwa ba a magana. Mu ne kullum a kan hanya, yau Ikko gobe Kano jibi Kwatano. Mutum zai iya kwasar ciwon a wani daji ko ƙauye, ya hau mota lafiya lau, ya iso gida kafin zazzaɓi ya fara, sauron randarsa ya ɗauka ya raba wa iyalinsa da maƙwabta. Gidan sauro yana da amfani ga maleriya, amma wannan da rana yake cizo, lokacin da muke rumfa yara suna Islamiyya.

Hukumomin Saudiyya ma ba don neman fitina suke tambayar katin ba. Irin wannan sauron akwai shi a Jidda da Makka, cutar ce babu. Mutumin da ya sayi kati ya tafi da ciwon a jininsa, ya tuna cikin taron baƙin Allah zai shiga. Malamanmu sun karantar da mu tun muna yara cewa neman tsari ba ya kore tawakkali, kuma algus haram ne ko a mudu ko a takarda. Wanda ya sayi katin bogi jami'in bakin iyaka ya ruɗa, sauro kuwa ba ya karatu.

Abin kuma bai kai wahalar da muke zato ba. Allura ɗaya ce tak. Bayan kwana 10 ta fara aiki, kuma tun daga 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar cewa guda ɗaya ta isa har ƙarshen rai, an daina maganar sabuntawa bayan shekara goma. Akwai waɗanda sai an yi shawara da likita tukuna, wato mace mai ciki, da jariri ƙasa da wata tara, da wanda ƙwai ke ɓata wa jiki, da wanda wani ciwo ya raunana garkuwarsa, da dattijon da ya haura sittin, domin nadiran takan ba wasu wahala mai tsanani.

Muna roƙon shugabannin ƙungiya da sarakunanmu su nemi ma'aikatan lafiya na ƙananan hukumominmu a sa rana a zo unguwanni da kasuwanni a yi wa wanda bai samu ba. Limamai su yi bayani bayan salla. Mata su duba katin asibitin yara su ga ko an yi ta wata tara. A rufe duro da randa, a riƙa wanke su duk mako, a kife gwangwani, a kawar da tayoyi. Masu shirin sauke farali kuma su je da kansu a yi musu, su karɓi katinsu na gaskiya.

Gobe in hanya ta bi da ɗayanmu ta Yaba, ya tuna cewa Cibiyar Binciken Lafiya ta Nijeriya da ke can daga wancan sansani ta samo tushe, kuma a garin nan da muke neman abinci aka rasa rayuka kafin a sami abin da yau ake yi wa 'ya'yanmu kyauta. Allah ya kare mu daga annoba, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya jiƙan magabatanmu, ya sa albarka a kasuwanninmu.